Midjourney ko Canva don katin biki da afish? Ka ɗauki Canva

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka ɗauka don katin biki da afish: Midjourney, mai zana hoto da AI (ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta), ko Canva, manhajar tsara kati da rubutu. Tunda aikin naka bugawa za a yi a nan Yamai, Canva ce taka.

Matsalar zanen AI ba ta kyan hoto ba ce, ta rubutu ce. Injin yana zana haruffa kamar yadda yake zana ganye, shi ya sa sunan amarya ke fitowa da harafi biyu a narke, ƙ da ɗ da ƴ kuwa sai dai haƙuri. A Canva sai ka raba aikin biyu: Magic Media, wato sashen zanen AI na cikin Canva, ta yi maka bango kawai, misali zanen lalle ko adon fata irin na Tawa, kai kuma ka ɗora sunaye da hannunka. Zaɓi salon haruffa mai suna Noto Sans, yana ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa. In uwar amarya ta bugo cewa an ɗaga ɗaurin aure zuwa Lahadi, layi guda za ka gyara a waya, furen da ke kusurwa bai motsa ba. Wannan kaɗai ya isa a so Canva.

Umarnin da za ka ba Magic Media ka rubuta shi da Faransanci ko Ingilishi, ka fayyace kaya dalla-dalla, in ba haka ba ka nemi babbar riga ya ba ka jallabiyar Larabawa. Ka ƙirga yatsu kafin ka amince da hoton mutum, don injin kan yi kuskure a nan.

Wajen bugawa: hoton AI yakan fito wajen fiksel 1024 kowane gefe, takarda girman A3 kuwa a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci) tana son fiksel 3508 da 4961. In ka ja hoton ya cika takardar haka nan, dishi-dishi zai fito. Ka bar shi ƙarami cikin shafi, ka sauke a PDF Print (tsarin fayil na bugawa), ka sa a buga gwaji ɗaya, don shuɗin allo yakan dushe a takarda.

Midjourney ya fi Canva kyan hoto, ban musa ba. Amma ba kyauta, mafi arha dala 10 ta Amurka duk wata, wajen jika shida, da katin banki, kuma bayan ka gama sai ka sake neman inda za ka jera rubutu.

Ka kiyayi masu tallar "Canva Pro har abada" (Pro ita ce Canva ta biyan kuɗi) a WhatsApp kan jika biyu. Galibi cikin rukunin wata makaranta suke cusa ka, ranar da aka rufe shi aikin masu biki ya maƙale, lambar mai sayarwa kuma a kashe. Fara da ta kyauta; in aiki ya kankama, ka biya Pro a shafin Canva da kanka.