Rigar da ke amsa kira: wasiƙa daga Hamburg

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya. Yaya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

Ka tambaye ni yadda shagunan tufafi suke a nan Jamus, da ko akwai abin da za ka ɗauka ya amfane ka a Kantin Kwari. Kan inganci maganar gajeriya ce. Rigunan sanyi da takalma sun fi na wurinmu ƙarko, amma masu araha yawancinsu ɗinkin Bangaladash ne da Sin da Turkiyya, irin waɗanda ka sani. Ciniki babu. Abin da aka rubuta shi za ka biya, ba tayi, ba "albarka". Mayar da kaya kuwa yana da sauƙi muddin rasit na hannunka. Abin da ya tsaya mini a rai wani ne daban, kuma shi nake so in faɗa maka a tsanake.

A shagunan Uniqlo da Decathlon, idan ka gama zaɓe, ba sai wani ya ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya yana haska musu na'ura ba. Akwai wani kwando a wurin biya. Ka zuba riga da wando da safa gaba ɗaya, kafin ka ɗago kai duk sun fito a allo da farashinsu. Sirrin yana cikin 'yar takardar farashi ko ƙyallen da aka ɗinke a cikin rigar. Idan ka ɗaga shi ga haske za ka ga wata siririyar eriya a kwance, da 'yar ƙwayar lantarki wadda ba ta kai ƙwayar gero ba. Shi ne tambarin rediyo, wanda ake kira RFID. Ba shi da batir. Na'urar da ke karanta shi ce take aiko masa da wuta ta iska, shi kuma ya amsa da lambarsa, daga nisan mitoci, ko yana cikin leda ko kwali.

Na tuna daren da muke kwana ƙidayar kaya a shagonka, turmi-turmi, ga yaro na rubutu, lissafi ya ƙi fita mu sake daga farko. A nan yarinya ɗaya ce za ta zaga da na'ura a hannu kamar mai turare ɗaki, cikin ɗan lokaci an san abin da ke akwai, da abin da ya ƙare, da abin da ya yi ƙafa. Wallahi, Yaya, na so maka wannan sauƙin.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Lambar nan mai zane-zane da muka saba gani a jikin kaya iri take nunawa kawai: duk rigar da ke da launi ɗaya da girma ɗaya lambarsu ɗaya. Tambarin rediyo kuwa kowace riga da tata lambar, ba ta tarayya da kowa a duniya. Shi tambarin bai san sunanka ba. A wurin biya ake ɗaura auren: ka biya da katin banki ko ka miƙa katin rangwame, sai lambar rigar da bayananka su iya haɗuwa a rumbun kamfani. Idan tambarin ɗinkakke ne kuma ba a kashe shi ba, duk ranar da ka sa rigar ka gifta wata na'ura mai karatu, rigarka za ta amsa, kai ba ka ji ba, ba ka gani ba. Kada in zuzuta maka abin fiye da yadda yake: ba ya haɗuwa da tauraron ɗan Adam, ba a bin mutum da shi daga nesa. Sai an kusance ka. To amma ƙofar shago nawa mutum ke ratsawa a rana?

A hunturun bara na sayi wata rigar sanyi a wani shago. Bayan makonni ina duba yadda ake wanke ta, sai na ji tauri a cikin ƙyallen. Tambarin ne. Na koma na tambayi mai sayarwa ko an kashe shi lokacin da na biya. Ta ce ita ba ta sani ba, aikinsa dai ƙidaya ne. Ban ga laifinta ba, ba a koya mata ba. Abin da ya dame ni shi ne na biya kuɗina, rigar ta zama tawa, amma an bar mini abu a jiki ba tare da wani ya buɗe baki ya sanar da ni ba.

Jamusawa ba sa wasa da irin wannan, domin sun ɗanɗana mulkin leƙen asiri, na 'yan Nazi da na Stasi, 'yan sandan ciki na tsohuwar Jamus ta Gabas. Tun 1983 kotun tsarin mulkinsu ta yanke cewa kowane mutum ne ke da ikon yanke shawara kan bayanansa. Shi ya sa aka yi ƙura a 2004. Kamfanin Metro ya buɗe wani kantin gwaji a garin Rheinberg a 2003, sai wata ƙungiya ta Bielefeld mai suna FoeBuD, wadda yanzu ake kira Digitalcourage, ta gano cewa katunan rangwamen da aka raba wa masu saye suna ɗauke da tambarin a ɓoye. Mutane suka fito zanga-zanga, kamfanin ya janye katunan, kusan 10,000. A 2012 ƙungiyar ta sake tsayawa a ƙofar wani shagon Gerry Weber a Bielefeld da na'urarta, tana nuna wa masu wucewa cewa ana iya karanta tambarin da ke cikin tufafinsu daga waje. A Ingila ma, a 2003, wani kantin Tesco da ke Cambridge ya gwada ɗaukar hoton duk wanda ya ɗauki rezar Gillette daga kanta, tambarin ne ke tada kyamarar. A shekarar ne kuma aka yi kiran ƙaurace wa Benetton da aka ji shirinsa na sa tambarin a tufafi.

Daga baya, a watan Mayu na 2009, Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da shawara: a sanar da mai saye da alama bayyananna, kuma a kashe ko a cire tambarin a wurin biya, kyauta, sai in shi da kansa ya yarda a bar shi. Kashewar ba wuya, an gina umarninta a cikin ƙwayar tun daga masana'anta. Sai dai shawara ce, ba doka ba, kuma ta bar wa kamfani ƙofa idan bincikensa ya nuna babu barazana. Kamfanoni kuwa suna son a bar tambarin yana aiki saboda mayar da kaya. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 tana da haƙora, amma sai an danganta lambar da mutum take ciza. Ni dai a ganina tambarin da ke kan takardar da ake tsinkewa ba shi da aibu. Wanda aka ɗinke a ɓoye shi ne ban yarda da shi ba.

Kai ma ka san sirrin mutane, Yaya. Ka san wanda ya haɗa lefe da bashi, ka san matar da ke sayen leshi mijinta bai sani ba, littafinka cike yake da sunaye. Ban taɓa jin ka faɗa wa kowa ba, kuma su sun san ka sani, suna iya zuwa su dube ka ido da ido. A nan wanda ya sani ba shi da fuska, ba kuma maƙwabcin kowa ba ne. Idan wata rana dillalan na'ura suka kawo maka wannan tsarin, ban ce ka ƙi ba. Ka sa shi a takardar da ake cirewa, ka cire a gaban mai saye, kada ka haɗa lambar kaya da lambar wayar mutum sai da izininsa. Najeriya ma tana da dokar kare bayanai tun 2023, ta shafi ɗan kasuwa.

Ka kuma gaya wa abokanka masu gwanjo su riƙa taɓa ƙyallen wanki idan sun fasa dila, domin tufafin nan da tambarinsu suke tafiya. Almakashi ya wadatar. Rigunan yara huɗu da na ba mai zuwa Kano ya kawo maka, za ka ga gefen ƙyallensu a yanke. Ni na yanke, ba lahani ba ne. A gaida Hajiya, a ce mata magani na cikin ƙaramar jakar.

Ƙaninka.