Rage wa bindiga ƙarfi ko ɗaga sauran makamai

A shagunan wasan kwamfuta na Nima da Maamobi a Accra, matasa kan yi gardama mai zafi a kan abin da ya kamata kamfani ya yi idan bindiga ɗaya a cikin wasa ta gagari sauran.

Hanya ta farko ita ce a rage mata ƙarfi. Kamfanin Valve ya yi haka a wasansa na Counter-Strike a Nuwamba 2022, lokacin da ya mayar da harsasan da bindigar harbin nesa ta AWP ke ɗauka daga 10 zuwa 5, kuma wasan ya jure, domin 'yan wasa juna suke harbi, duk abin da aka rage wa ɗaya sauƙi ne ga abokin karawarsa. Aibinta shi ne wanda ya daɗe yana saba hannunsa da makami sai ya wayi gari an sauya masa shi babu shawara.

Hanya ta biyu ita ce a ɗaga sauran makamai. A wasan Helldivers 2, inda mutum 4 ke haɗa kai su yaƙi kwamfuta, rage ƙarfin bindigar Railgun a Maris 2024 da na bindigar feshin wuta a Agusta ya harzuƙa jama'a, har Arrowhead, kamfanin da ya ƙirƙiri wasan, ya ƙara wa makamai da dama ƙarfi a Satumba. A ganina hakan ya dace da irin wannan wasa, amma a wasan gasa yana taƙaita faɗa, har wanda intanet ɗinsa ke jinkiri, kamar yawancinmu da ke wasa ta na'urorin ƙetare, ya faɗi kafin ya ga mai harbinsa.