Shok ya yi, amma bol ɗaya ya cinye mini yini

Shok ɗin baya (abin da ke rage girgizar mota) na Honda Accord ɗina, wadda ake ce wa EOD, ya daɗe da mutuwa. Mai yana tsiyaya a jikinsa, in na faɗa rami kuwa sai bayan motar ya yi ta rawa. Na sayo sabbin shok na kamfanin KYB guda biyu a Ƙofar Ruwa. Shok ɗin kam ba ni da ta cewa, ya yi. Na hau hanyar Zariya da iyali da kaya a but, mota ta zauna daram.

Gareji ne abin magana. Oga ya ce, "Alhaji, aikin awa ɗaya ne, je ka sha shayi." Na hagu ya fita lafiya lau. Na dama, bol ɗin ƙasa ya ce bai san zancen ba. Motar daga Amurka ta zo, kuma can idan dusar ƙanƙara ta sauka gishiri ake zubawa a titi, shi ya sa ƙarƙashinta duk tsatsa. Bol ɗin yana ratsawa ne ta cikin wani ɗan bututun ƙarfe da ke tsakiyar bushin, wato robar da ƙasan shok ke ɗaure a kai, tsatsa ta haɗe su sun zama abu guda. Ka juya bol, roba ta murɗe ta dawo da shi. Duk wanda ya daɗe yana taɓa Honda ya san wannan, amma Oga ya bar wa yaronsa aikin ya tafi duba wata mota.

Yaro ya fesa man sassauta tsatsa, ko minti biyu bai bari ya jiƙa ba ya ɗora sifana, wadda ma ba daidai kan bol ɗin ba. Ya zura mata bututu, ya hau da ƙafa. Sai ji muka yi ƙwas, kan bol ya cinye, ba sauran inda sifana za ta kama. Aka zuba man birki, aka yi ta dukan guduma har azahar. Raina ya ɓaci sosai, ina ta cewa a ƙyale ni in tafi da shok ɗaya sabo ɗaya tsoho, alhali na san ba a yin haka.

Wani dattijo mai walda da ke gefe shi ya cece mu, Allah ya saka masa da alheri. Ya leƙa sau ɗaya ya ce kada a kuskura a sa wa jikin shok wuta, akwai gas a ciki, ga tankin mai kusa. Ya kawo injin yanka ya datse bol ɗin ta gefe biyu, aka fitar da tsohon bushin aka danna sabo. Ya ce a shafa wa sabon bol giris, kuma kada a ɗaure shi tamau sai an sauke mota nauyinta ya zauna, in ba haka ba robar za ta yage da wuri. Abin da ya karɓa bai taka kara ya karya ba. Saboda shi har na fara cewa zan iya komawa garejin.

Sai da na fito titi na ga wutar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ta kama a dashbod. Ashe a wajen dukan guduma an ƙuje wayar ABS da ke kusa da taya. Na koma, Oga ya rantse dama can haka take. Wutar da ban taɓa gani ba tun da na sayi motar! Ga kuɗin bushin da na bol duk a kaina, ya kuma ƙara kuɗin aiki wai sun sha wahala. Shok ɗin ku saya, amma in motarku mai tsatsa ce ku tanadi bol da bushin tun daga kasuwa, kuma ku tsaya a kan Ogan ya kwance da hannunsa. Wayar ABS ɗin a wani wuri na gyara, da kuɗina.