Gargaɗi a kan masu tallan "allurar laka" a WhatsApp da Facebook

Jama'a, duk mai majinyacin da ƙafafunsa suka shanye, don Allah ya karanta wannan, ya kuma tura wa 'yan uwa.

Ƙanena ya yi hatsarin babur bara, ƙashin bayansa ya karye, lakarsa ta taɓu. Tun daga ranar bai sake takawa ba. Da muka sa hotonsa a Facebook muna neman addu'a da taimako, ko kwana uku ba a yi ba wani ya kira ni, ya ce shi Dokta ne, wakilin wani kamfanin magani na waje. Muryarsa a natse, yana ta "Allah ya ba shi lafiya, Alhaji". Ya turo min bidiyon wani yaro Bature da ke koyon tafiya, da hoton kwalin magani mai suna Spinraza. Ya ce allura ce da ake yi a gadon baya, tana shiga laka kai tsaye ta ɗinke jijiyar da ta tsinke. Guda uku za a yi, a ba da naira miliyan biyu kafin alƙalami, shi zai zo har gida ya yi. Mahaifiyarmu har ta fara maganar sayar da filinta.

Abin da ya sa damfarar ke kama mutane shi ne rabinta gaskiya ce. Ƙwaƙwalwa da laka suna da wani shinge da ke tace abin da jini ya ɗauko, manyan ƙwayoyin magani ba sa ƙetare shi, ko an sha ko an yi allurarsu a jijiyar hannu. Shi ya sa likitoci ke zuba wasu magungunan cikin ruwan da laka ke kwance a ciki. Ana soka allurar a ƙasan baya, ƙasa da inda lakar ta ƙare, wurin da ake ɗibar ruwan baya in ana zargin sanƙarau, ko ake yi wa mai haihuwa allurar kashe rabin jiki kafin tiyata. Spinraza ma magani ne na gaske. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disamban 2016, kuma ta baya ake yin sa. Amma na wata cuta ce ta gado, SMA, wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka, galibi tun jariri na goye. Aikinsa taimaka wa jiki ya samar da wani sinadari da masu cutar ba su da isasshensa. Babu ruwansa da lakar da ƙarfe ya murƙushe, babu ruwansa da shanyewar ɓarin jiki ta hawan jini. Kuɗinsa a Amurka lokacin da ya fito dala 125,000 ne kowace allura, shekarar farko dala 750,000. To me ke cikin kwalbar da za a kawo maka gida a kan miliyan biyu?

Da na yi masa wannan tambayar, nan take ya sauya waƙa. Wai ai ba ainihin Spinraza ba ce, "sitem sel" ce daga Indiya, wato ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki, wai aikinsu ɗaya. Wannan ma ku yi hattara da ita. Hukumar ta Amurka ba ta amince da wata allurar sitem sel don raunin laka ko shanyewar ɓarin jiki ba. A 2016 likitoci a birnin Boston na Amurka suka ba da rahoton wani dattijo ɗan shekara 66 da ya bi asibitocin kuɗi a Chaina da Ajantina da Meziko ana zuba masa irin waɗannan ƙwayoyin a baya, bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙarshenta wani tsiro ya fito masa a laka, kuma da aka bincika, ƙwayoyin tsiron ba na jikinsa ba ne. Ya tafi neman sauƙi, ya dawo da ciwon baya da ƙarin nakasa.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba kuɗin ba ne, ita kanta hanyar ce. Ruwan laka ba shi da garkuwa irin ta jini. Ƙwayar cuta kaɗan ta shiga, sanƙarau ne. A 2012, wani magani da ya gurɓata da fumfuna aka riƙa yi wa mutane a gadon baya a Amurka, sama da 750 suka kamu, aƙalla 64 suka mutu, kuma a asibitoci aka yi musu, da safar hannu da komai. Ina ga tabarmar tsakar gida, ko bayan kanta a kemis?

Na ce ya ba ni lambar rajistarsa ta majalisar likitoci, MDCN, da lambar NAFDAC ta maganin, da sunan asibitin da yake aiki in je da kaina. Ya ce sirrin kamfani ne, kuma in ban tura rabin kuɗin kafin Juma'a ba, za a ba wa wani gurbin. Washegari ya toshe ni. Wata mata da muke haɗuwa da ita wurin gashin ƙashi a asibiti ta ce ita ta riga ta tura masa dubu ɗari takwas saboda mijinta, har yau ba shi ba labarinsa. Ita ma bayan ta sa roƙon taimako a intanet ya same ta, don haka ina kyautata zaton shafukan neman taimako suke bi suna tsintar lambobi.

In irin wannan kiran ya zo muku, kada ku tura ko sisi, kada ku bari kowa ya kusanci bayan majinyaci da allura a wajen asibiti. Ku ɗauki hoton saƙonnin da lambar asusun, ku kai wa NAFDAC da 'yan sanda, ku kuma nuna wa likitan ƙashi ko na jijiya da ke duba shi. Mu dai filin Hajiya yana nan. Kuɗin da muka tara mun sayi katifar hana gyambo da keken guragu, muna kai shi gashi sau biyu a mako, yanzu yana iya tashi zaune da kansa.