MPA ko MPP? Amsa ga Malamar da ta tambayi bambancin gudanar da aikin gwamnati da nazarin manufofi

Malama, na ga tambayarki tun jiya da daddare, na bari sai na samu natsuwa. Kin ce shekararki shida kina aiki a sashen mulki na wata ma'aikata, digirinki na farko a kimiyyar siyasa ne, yanzu kina son yin na biyu amma kin rasa wanda za ki kama tsakanin MPA, wato gudanar da aikin gwamnati, da MPP, wato nazarin manufofin gwamnati. Kin ce wasu sun gaya miki Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, wasu kuma sun tsorata ki da lissafi. Ni MPP na yi, amma na yi shekaru ofis ɗaya da masu MPA, don haka in kin ji na karkata wani ɓangare ki yi mini uzuri.

Ba Ɗanjuma da Ɗanjummai ba ne. Wa ne da ƙani, gida ɗaya suka fito, halinsu ne ya bambanta. MPA shi ne wan. Masu fannin sukan kai asalinsa ga wata maƙala da Woodrow Wilson ya wallafa a 1887, tun yana malamin jami'a, kafin ya zama shugaban Amurka, inda ya ce tafiyar da aikin gwamnati sana'a ce da ya kamata a koye ta daban da siyasa. A 1924 makarantar Maxwell ta jami'ar Syracuse ta fara horar da mutane a kan haka. A 1937 Luther Gulick ya jera ayyuka bakwai na shugaban ma'aikata: tsarawa, kafa sassa, ɗaukar ma'aikata, ba da umarni, haɗa kan sassa, kai rahoto, da kasafin kuɗi. Ki duba teburinki yanzu, na tabbata biyar daga cikinsu suna kwance a fayil-fayil ɗin da ke gabanki.

Ƙanin kuwa sai bayan yaƙin duniya na biyu aka haife shi. Harold Lasswell ya fara kiran a yi ilimin manufofi a 1951, amma abin ya samu gindin zama ne da Robert McNamara ya zama sakataren tsaron Amurka a 1961, ya shigo da masu lissafi daga cibiyar RAND, suka riƙa tambayar kowane shiri: nawa za ka ci, me za ka haifar, kuma akwai wata hanya mafi araha? A 1965 Shugaba Johnson ya ce a yi haka a sauran ma'aikatun tarayya. Sai aka nemi masu iya wannan aiki aka rasa, jami'o'i irin su Michigan da Berkeley da Harvard suka buɗe kwasa-kwasan manufofi a ƙarshen shekarun 1960. Tsarin kasafin na Johnson bai yi ƙarko ba, an jingine shi a 1971, amma makarantun da ya haifa suna nan.

Tarihin ya isa haka. Bari in sa ki a aji biyu, in ba su matsala ɗaya: yara suna barin makaranta kafin su gama firamare.

A ajin nazarin manufofi, malami zai turo muku fayil na alƙaluma, layi dubbai, kowane layi gida guda: kuɗin shigarsu, nisan makaranta, karatun uwa, yawan yara. Zai ce ku fara da bayyana matsalar, don ba a yarda a ce "ilimi ya lalace" a tsaya nan ba, sai kin faɗi yara nawa, 'yan shekara nawa, a wane aji suke zamewa. Daga nan ki kawo hanyoyi uku ko huɗu, misali a gina makarantu kusa, a ciyar da yara, a ba iyaye tallafin kuɗi, ko a bar abin yadda yake. Wannan na ƙarshen dole ne ya shiga, don da shi ake auna sauran. Ki ɗora kowace hanya a ma'auni: tsadarta, yawan yaran da za ta riƙe, wa zai amfana, wa zai ƙi yarda. Sannan ki rubuta wa minista takardar shawara shafi biyu. Tawa ta farko shafi goma sha ɗaya na kai, ina jin kaina. Malamin ya ja jan layi a ƙasan shafi na biyu, ya rubuta a gefe cewa daga nan minista ya shiga mota. Har yau ban manta da zafin wannan layin ba.

Misalin da kusan kowane aji irin wannan yake kawowa shi ne shirin Progresa na Meziko, wanda aka fara a 1997. An riƙa ba uwaye kuɗi bisa sharaɗin yara su riƙa zuwa makaranta, a kuma riƙa kai su asibiti. Abin da ya sa ya yi suna shi ne yadda aka gwada shi: ƙauyuka 506, aka yi ƙuri'a, 320 suka fara karɓa, 186 suka jira zuwa baya, sai aka kwatanta su. Da gwamnati ta sauya hannu a 2000, shirin bai mutu ba, suna kawai aka sauya masa daga baya, kuma hujjar da alƙaluman suka bayar tana cikin abin da ya kare shi. Irin wannan gwaji ne ya sa Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019.

Yanzu ki tsallaka ajin gudanarwa. Nan an wuce wannan muhawarar, minista ya riga ya sa hannu, tallafin kuɗi za a bayar. To, wa zai yi rajistar uwayen? Da wane ma'aikaci, kuma daga wane sashe za a aro shi alhali daraktansa ba ya so? Kuɗin a wane layi na kasafi za su zauna, kuma in baitulmali ya makara wata uku wajen sakinsu, me za ki ce wa matan da suka yi layi tun safe? Shugaban makaranta ne zai riƙa cike rajistar zuwan yara, kuma ya san in ya rubuta gaskiya wata uwa za ta rasa kuɗinta, uwar nan kuwa maƙwabciyarsa ce. Wa zai duba shi? In odita ya zo ƙarshen shekara, wace takarda za ki miƙa masa? Dokar ba da kwangila ta ce a yi talla a jira, minista kuma ya ce ranar Litinin yake son ƙaddamarwa. Ba a warware irin wannan da kwamfuta. Za a ba ku labarin wata ma'aikata shafi ashirin, ku karanta da dare, da safe malami ya nuna ki da yatsa ya ce, "Ke ce babbar sakatariya, me za ki yi?"

Su ma suna da misalinsu da ba sa gajiya da kawowa. A 1966 gwamnatin tarayyar Amurka ta ware kimanin dala miliyan 23 don samar da ayyukan yi a birnin Oakland na jihar Kalifoniya. Kuɗi akwai, kowa ya yarda da shirin, amma shekaru suka wuce ayyukan da aka samar ba su taka kara sun karya ba. Jeffrey Pressman da Aaron Wildavsky suka bi diddigi a littafinsu na 1973, suka ga abin da ya kashe shirin shi ne yawan hannayen da sai sun amince kafin a motsa. Ki yi lissafin da kanki: in ana buƙatar amincewa 70, kowace kuma tana da tabbacin kashi 99 cikin ɗari, damar a tsallake su duka ba ta kai rabi ba. A 1980 Michael Lipsky ya ƙara da cewa malamin aji da ɗan sanda da ma'aikaciyar jinya su ne suke yanke ainihin manufar da talaka yake gani, a bakin taga, kullum. Abin dariyar shi ne, Wildavsky ɗin nan shi ne shugaban farko na makarantar manufofi ta Berkeley. Wato daga gidan ƙanin aka fito aka tabbatar wa duniya cewa wan yana da gaskiya.

Sai maganar lissafi, tunda ita ce ta hana ki barci. Ba zan ɓoye miki ba, MPP na ƙwarai yana da shi: tattalin arziki na matakin gida da kamfani, ƙididdiga zango biyu ko fiye, awon abin da za a kashe da abin da za a samu, da manhaja irin su Stata ko R. Amma ba lissafin injiniyoyi ba ne. In kin iya aljabara ta sakandare, kina karanta jadawali, kuma ba kya jin kunyar tambaya, za ki wuce. Wahalar ba a alƙaluma take ba, a tunani take: ki ga yaran da ake ciyarwa sun fi cin jarrabawa, ki hana kanki cewa abincin ne ya jawo, sai kin tabbatar ba makarantun da dama suka fi kyau aka zaɓa aka ciyar ba. Kuma kada ki ɗauka MPA mafaka ce. Akwai kasafin kuɗi, akwai akantancin gwamnati, akwai dokar gudanarwa da sai kin haddace sassanta. Na ga wanda ya gudu daga ƙididdiga ya je ya faɗi a kwas ɗin kasafi.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Sunan digirin kan yaudari mutum, har ya yi wa rogo kallon kitse. A Harvard, MPP shekara biyu ne na waɗanda ba su daɗe a aiki ba, akwai kuma MPA na shekara ɗaya na waɗanda suka yi nisa. A Princeton abin a juye yake: MPA ne na shekara biyu mai cike da tattalin arziki da ƙididdiga, MPP kuma na shekara ɗaya ne na manyan ma'aikata. MPA na makarantar tattalin arziki ta Landan ya fi MPP na wurare da yawa lissafi. A Oxford MPP shekara ɗaya ne, a makarantar Lee Kuan Yew ta Singafo kuma shekara biyu. Saboda haka ki rufe sunan da tafin hannunki, ki karanta jerin kwasa-kwasan dole. In kin ga tattalin arziki da ƙididdiga da auna tasirin shiri sun cika shekarar farko, nazarin manufofi ne ko me aka kira shi. In kin ga kula da ma'aikata da kasafi da doka da ɗa'ar aiki, gudanarwa ce. Ki kuma duba yadda ake gamawa. Wasu kundin bincike ake rubutawa, wasu kuma a haɗa ku huɗu ko biyar a ba ku aikin wata hukuma ta gaske ku warware mata. In kina da niyyar digiri na uku, mai kundin ya fi miki, don shi za a nema a gani.

Wajen aiki, masu MPA sun fi zama a kujerar da ke da mutane da kuɗi a ƙarƙashinta: shugaban sashe, manajan shiri, mai kula da birni, shugaban ƙungiyar agaji. Masu MPP sun fi zama a sashen tsare-tsare da bincike, ofishin kasafi, kwamitocin majalisa, cibiyoyin nazari, Bankin Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Bayan shekara goma layin yakan goge, kowa ya shiga gonar kowa. Kowannensu kuma da cutarsa. Tamu ita ce raina mai fayil, mu kawo shawara mai kyau a takarda wadda ba mai iya aiwatar da ita, mu ce laifin ma'aikata ne. Tasu kuwa ita ce su ƙware wajen tafiyar da shirin da bai kamata a fara shi ba, takardu tsaf, odita ya yaba, yaran kuma suna nan a waje. Herbert Simon, wanda ya ci Nobel a 1978, ya daɗe da faɗa wa ɓangarorin biyu cewa mai yanke shawara ba ya samun cikakken bayani ko isasshen lokaci, abin da ya wadatar yake kamawa ya wuce. Mun karanta shi duka, amma mu muka fi saurin mantawa.

Da ni ce ke, ga yadda zan yi. Shekara shida a sashen mulki ta riga ta koya miki kusan rabin abin da MPA zai ba ki, sai dai ba ki san sunayensu a littafi ba. Kin san yadda fayil yake kwana a tebur, kin san wanda ake bi ta hannunsa. Abin da ofis ba zai taɓa koya miki ba shi ne ki buɗe alƙaluma ki gane ko shirin da kuke wahala a kai yana aiki, don ba a koyon wannan a tsaye, sai an zauna an sha wuya da malami a kusa. Saboda haka ni MPP zan kama, in cike kwasa-kwasan zaɓi da kasafi da dokar gudanarwa. Sai dai in burinki shi ne ki hau matakan ma'aikatarku har ki riƙe sashe, to kafin ki biya ko sisi ki je wurin mai kula da ma'aikata ki ga a rubuce wane digiri tsarin ƙarin girmanku ya amince da shi, don wasu hukumomin MPA kawai suka sani da suna. In kuma kina hangen kwasa-kwasan manyan ma'aikata na shekara ɗaya, irin na Harvard da Princeton shekara bakwai na aiki suke nema, ke kuwa saura ɗaya ki cika.

Ki turo jerin kwasa-kwasan makarantun biyu da kike dubawa, na dole da na zaɓi, mu bi su layi-layi. Ki haɗa da sakamakon duk wani kwas na ƙididdiga da kika yi a digirin farko, ko da makin bai yi kyau ba.