Baucar diyyar jirgi: dala 600 a takarda, nawa ke shiga aljihu?

Idan kamfanin jirgin sama ya sayar da tikiti fiye da yawan kujerunsa, sannan ya yi maka tayin bauca, wato takardar da za ka sayi tikitinsa da ita nan gaba a madadin kuɗi, don ka haƙura da kujerarka, ka sani adadin da aka rubuta a jikin baucar nan da wuya ya zama shi ne abin da za ka mora. Na karɓi irin wannan bauca ta dala 600, na yi amfani da ita, kuma hukuncina shi ne tana da amfani ga mutum iri ɗaya: wanda dama zai sake hawa jirgin wannan kamfani, shi kaɗai, kafin shekara ta zagayo. Duk wanda ba haka yake ba, abin da zai samu bai kai abin da aka sanar a lasifika ba, wani ma ko sisi ba zai gani ba.

Da gangan kamfanoni suke sayar da tikitin da ya zarce kujeru. Sun san a kusan kowace tafiya akwai waɗanda ba za su zo ba, wani ya makara, wani jirgin da ya ɗauko shi bai sauka da wuri ba, wani ya fasa. Kujerar da ta tashi babu kowa a kanta kuwa asara ce da ba ta dawowa. Don haka kwamfuta ke duba tarihin hanyar ta ƙiyasta mutum nawa za su ɓace, a sayar da kujerunsu sau biyu. Yawancin lokaci lissafin yana fita daidai. Ranar da kowa ya zo, sai a fara neman wanda zai sauka.

A ranar tawa, ana saura kamar minti arba'in a fara shiga jirgi ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta ɗauki makirufo ta ce suna neman mutum uku da za su jira jirgin washegari da safe, za a ba kowa baucar dala 300 da ɗakin otal. Babu wanda ya motsa. Mutane suka ci gaba da latsa waya, wasu suka ƙara rungume jakunkunansu kamar kujerar ce za a ƙwace daga hannunsu. Bayan ɗan lokaci ta ce 450. Wani saurayi mai jakar goyo ya miƙe. Da ta ce 600 ni ma na tashi, domin babu abin da ke jirana a washegarin da ba zai iya jira ba. Ta karɓi takardar shiga jirgina, ta yi ta danne-danne, ta miƙo mini sabuwar takarda ta jirgin safe, da ta otal, da ta abinci, ta ce baucar za ta shigo mini ta imel. Ta shigo kuwa kafin in kai otal: lambobi da haruffa a jere, da ranar ƙarewar wa'adi, sai dogon rubutu da ƙananan haruffa a ƙasa.

A wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi. An yi mini magana cikin mutunci, otal ɗin mai tsabta ne, motar da ta kai mu ta dawo da mu a kan lokaci, jirgin safe kuma ya tashi ba tare da ɓata lokaci ba. Saurayin da ya riga mu tashi shi ma an ba shi 600 ɗin, domin a wannan kamfanin duk masu sa kai farashin ƙarshe ake ba su. Ba kowane kamfani ke yin haka ba, saboda haka ya kamata mutum ya tambaya kafin ya miƙa takardarsa.

Wahalar tana wajen kashe baucar. Farko dai wa'adinta shekara ɗaya ne daga ranar da aka bayar. Shekara tana da tsawo a baki, amma ga wanda ba kullum yake sama ba, tafiya ɗaya ce ko biyu, kuma ba lallai ta faɗo a hanyar da wannan kamfani yake bi ba. Sannan sunana ke jikinta. Na so in saya wa mai ɗakina tikiti da ita, na shigar da lambar a shafin kamfanin, sai jan rubutu ya fito cewa sunan fasinja bai dace da na mai bauca ba. Na kira layinsu, bayan dogon jira wani ma'aikaci ya tabbatar mini cikin ladabi cewa ni ne kaɗai zan iya tafiya da ita. Abin ya yi mini ciwo, domin ni na kwana a hanya, ni na rasa yinina, kuma a ganina abin da na samu a madadin haka nawa ne, in ga dama in bayar.

Da tafiyar da zan yi da kaina ta taso, sai wasu sharuɗɗan suka fito ɗaya bayan ɗaya. Baucar ba ta aiki sai a shafin kamfanin ko manhajarsa. Dillalan tikiti da shafukan da ke kwatanta farashi ba sa karɓarta. Ba ta aiki a jirgin abokan hulɗarsu, ko da lambar tafiyar ta kamfanin ce. Kuɗin tikiti kawai take biya: jaka ta biyu da zaɓen kujera daga katina suka fita. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne farashi. A ranar da nake son tafiya, wani kamfani yana da tikitin wannan hanyar da rangwamen da ya kusa dala 150, kuma jirginsa kai tsaye ne, nawa kuwa sai an yada zango. Ba don baucar ba da can zan nufa. Ke nan daga cikin 600 ɗin nan akwai kusan 150 da ba ni aka ba wa ba, komawa ta yi inda ta fito. Tikitin bai cinye baucar duka ba, 'yan dalolin da suka rage kuma suka zauna a asusu har wa'adi ya cim musu, don babu wata tafiya da za su isa. Idan na haɗa lissafi da gaskiya, abin da na mora bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta ba, kuma ina cikin masu sa'a tunda tafiyar ta taso mini.

Nan ne dalilin da ya sa kamfani ya fi son ba da bauca. Idan ya ba ka dala 600 tsaba, dala 600 ta fita daga asusunsa. Idan ya ba ka bauca, kujera ya ba ka a wani jirgi da wataƙila dama ba zai cika ba, ya ɗaure ka da shi a tafiyarka ta gaba, ka kuma ƙara masa kuɗin jaka. In ka manta da ita har ta mutu, bai biya komai ba. Ban ce yaudara ce ba, ciniki ne. Sai dai ciniki ne da ɗaya ya san ainihin darajar kayan, ɗayan kuma yana tsaye da jaka a kafaɗa, ana ce masa ya yanke shawara cikin minti biyu. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma bauca kazar ce.

Abin da yawancin fasinjoji ba su sani ba shi ne, wanda ya sauka da son ransa da wanda aka hana shiga dole ba matsayinsu ɗaya ba a gaban doka. Mai sa kai abin da suka daidaita da kamfani shi ne nasa, babu ƙari. Wanda aka tilasta kuwa doka ce ta yanka masa diyya, kuma ta kuɗi ce. A Amurka, ƙa'idar Ma'aikatar Sufuri ta ce idan jirgin da aka sauya maka zai isa da jinkirin da bai wuce awa ɗaya ba, babu diyya. Idan jinkirin awa ɗaya zuwa biyu ne a tafiyar cikin gida, ko awa ɗaya zuwa huɗu a tafiyar da ta tashi daga Amurka zuwa waje, za a biya ka kashi 200 cikin ɗari na kuɗin tikitin zuwa, iyakarsa dala 1,075. Idan ya wuce haka, kashi 400 ne, iyakarsa dala 2,150. Waɗannan adadin sun fara aiki a 2025. Wato mai tikitin dala 300 da aka jinkirta shi har washegari, dala 1,200 ne haƙƙinsa, kuma yana da ikon cewa ba ya son bauca, kuɗi yake so. A Tarayyar Turai, doka mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta sa yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, yuro 400 ga matsakaiciya, yuro 600 ga wadda ta haura kilomita 3,500 zuwa wajen Tarayyar, ban da abinci da otal idan kwana ya kama. Ana iya rage rabin kuɗin idan jirgin madadin ya isa ba da jinkiri mai yawa ba. Dokar ta ce ba za a biya ka da bauca ba sai ka sa hannu ka amince. Birtaniya ta riƙe irin wannan tsarin bayan ficewarta daga Tarayyar, da fam 220, 350 da 520.

Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin Kanada. Diyyar wanda aka hana shiga dalar Kanada 900 ce, ko 1,800, ko 2,400, gwargwadon tsawon jinkirin. Idan kamfani yana so ya ba da bauca a madadin kuɗin, dole darajarta ta fi ta kuɗin, dole a gaya wa fasinja a rubuce nawa ne haƙƙinsa na tsaba, kuma baucar ba ta da ranar mutuwa. Wanda ya rubuta wannan ƙa'ida ya fahimci matsalar daga tushe. Da baucata ba ta da wa'adi, da rabin abin da na rubuta a nan bai taso ba.

Ba ina cewa mutum ya ƙi tashi ya jira a tilasta shi ba. Idan an samu masu sa kai da suka isa, babu wanda za a tilasta, babu kuma mai ganin waccan diyyar. Amfanin sanin adadin shi ne ka san abin da kamfanin ke gudu, ka auna tayinsa da shi. Tsarin neman masu sa kai ɗin ma asalinsa don kare fasinja aka kawo shi. Masanin tattalin arziki Julian Simon ne ya ba da shawarar a 1968 cewa a riƙa yi wa fasinjoji tayi maimakon a zaɓi wanda za a bari a ƙasa, hukumar jiragen saman Amurka ta lokacin kuma ta karɓi tsarin a 1978. Shawara ce mai kyau, amma ƙarfinta yana ga tayin ya kai yadda wani zai karɓa da farin ciki. An ga abin da ke faruwa idan bai kai ba a watan Afrilun 2017, a filin jirgin O'Hare na Shikago, lokacin da kamfanin jirgin United ya buƙaci kujeru huɗu don ma'aikatan jirgi a tafiyar zuwa Luwisbil. An yi tayin baucar dala 400, aka ɗaga zuwa 800, babu wanda ya tashi, ƙarshe jami'an tsaro suka ja wani likita a ƙasa suka fitar da shi, fuskarsa na jini, bidiyon ya zagaya duniya. Jirgi cike da mutane ya ƙi dala 800, a ganina saboda sun san ba dala 800 ba ce. Bayan wannan United ta ce za ta iya kai tayinta har dala 10,000, kamfanin jirgin Delta ya ce 9,950, dokar Amurka kuma ta hana a sauke fasinjan da ya riga ya shiga jirgi don kawai a ba wani kujerarsa.

Ga wanda zai tashi ya nufi teburin ma'aikatan ƙofa, tambayoyin da za su raba shi da baƙin ciki ba su da yawa, kuma ma'aikatan sun saba jin su. Kuɗi za ku iya bayarwa ko katin da ake kashewa ko'ina? Wasu kamfanonin suna da wannan zaɓin, sai dai ba sa fara ambatarsa. Ni da za a ba ni 400 a kati da 600 a bauca, katin zan ɗauka ba tare da tunani ba. Idan bauca ce dole, yaushe za ta mutu, kuma kafin ranar sayen tikiti ake nufi ko yin tafiyar? Zan iya saya wa wani? Idan ban cinye ta ba, ragowar tana nan? A Amurka doka ta wajabta wa kamfani ya bayyana manyan sharuɗɗan baucar kafin ka saki kujerarka, saboda haka tambayar haƙƙinka ce, kada layin da ke bayanka ya sa ka ji nauyi. Ka kuma tabbata kujerar jirgin gaba tabbatacciya ce da lambarta a takarda, kada a sa ka cikin jerin masu jiran tsammani, ka kwana biyu kana bin ƙofofi.

Akwai waɗanda zan ce kada su ma ɗaga kai idan an fara sanarwa. Mai tafiya da iyali, domin baucoci huɗu masu sunaye huɗu suna nufin sai duk gidan ya sake tafiya tare cikin shekara ɗaya, kuma wasu shafukan ba sa yarda a haɗa bauca fiye da ɗaya a sayayya guda. Mai maganin da yake sha kullum a cikin jakar da ya riga ya miƙa, domin sau da yawa jakar tana tafiya da jirgin farko ta bar mai ita a baya. Tawa haka ta yi, da kayan jikina na kwana. Sai wanda ke da wani jirgin a gaba da ya saya da tikiti daban. Kamfanin da ya ba ka bauca ba ruwansa da wancan jirgin, idan ya tashi ya bar ka sabon tikiti za ka saya da kuɗinka a farashin ranar, wanda sau da yawa ya fi baucar gaba ɗaya.