Na bi mafarautan Inuwit daji a Arviat: abin da na biya da abin da na samu

Wanda yake neman yawon buɗe ido irin na ɗaukar hoto a koma otal a sha shayi, ya riƙe kuɗinsa. Ni ma da na biya wani ƙaramin kamfani ya haɗa ni da iyalin Inuwit, 'yan asalin arewacin Kanada, masu fita farautar karibu, wata irin barewar ƙasar sanyi, a watan Satumba, na ɗauka kallo zan je. Ashe dako na je yi, kuma ni na biya kuɗin dakon.

Arviat gari ne mai mutum wajen 2,800 a gaɓar yammacin Hudson Bay, cikin yankin Nunavut na Kanada. Babu titin da ya haɗa shi da wani gari. Daga Winnipeg, inda nake aikin akanta, jirgi na hau, kuma kuɗin tikitin saura kaɗan ya kai ni Kano ya dawo da ni. Bishiya ko ɗaya babu. Fili ne shimfiɗe har iya ganinka, ciyayi sun yi ja, ga tafkuna birjik.

Bari in fara da ƙorafina. Kamfanin ya yi alkawarin takalmin sanyi da tafinta. Takalmin ya matse ni har babban yatsana ya yi baƙi, tafinta kuwa ko ƙeyarsa ban gani ba. Jikan gidan ne, yaro ɗan shekara 14, ya yi ta fassara mini maganar kakansa. Iska ma ta cinye mana yini guda cikin huɗu a ɗakin katako, amma wannan ba laifin kowa ba ne.

Dattijon da ya jagorance mu, Baba na riƙa ce masa kamar yadda bakina ya saba, ya yi dariya ya amsa. Mun fita a kan babura masu ƙafa huɗu, waɗanda a can kowane iri Honda suke ce masa. Bayan awa uku muna gwaruruwa kan duwatsu, sai da na riƙe ƙugu kafin na miƙe.

Ni da na tashi a Zariya, farautar da na sani ta karnuka ce da ganga da kirari. A nan ko tari ka yi sai an waiwayo ka. Baba ya kwanta rub da ciki a kan tudu da madubin hangen nesa fiye da awa guda, ni ban ga komai ba sai duwatsu. Baƙo ko da ido makaho ne. Can sai wasu duwatsun suka fara motsi. Tuktu, in ji yaron a kunnena, sunan dabbar ke nan da harshensu. Ta fi gwarzon rago nesa ba kusa ba, ba ta kai sa ba, kuma mace da namiji duka suna da ƙaho mai rassa. Da suka matso sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, ashe jijiyar ƙafarsu ce ke ƙara in suna tafiya.

Garken farko ya wuce mu, Baba bai ko taɓa bindiga ba, ni kuwa kamar in yi ihu. Daga baya ya ce ba a taɓa jagaban garke, in ka firgita na gaba, na baya su sauya hanya, sai gari ya kwana da yunwa. A cikin na biyu ya zaɓi maza uku masu ƙiba. Satumba ce lokacinsu, don in Oktoba ta yi suka shiga barbara, sai kitsen ya zube naman ya yi ƙarni.

Tun a gari na yi musu bayanin yanka. Da aka harbe su muka isa kan namiji na biyu yana da sauran rai, sai Baba ya miƙo mini wuƙa ba tare da ya ce uffan ba. Na yi bisimilla na yanka, suka ware mini shi.

A wurin fiɗa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Baba ya tsaga fata kaɗan, ya ajiye wuƙa, ya dunƙule hannu ya riƙa cusa shi tsakanin fata da nama, fatar na saɓulewa kamar riga. Da ya ga yatsuna sun sandare, ya kama hannuwana ya tura cikin cikin dabbar, ɗumi ya ratsa ni har kafaɗa. Kitsen baya, tunnuq, kaurinsa ya kai yatsu uku. Matarsa ta zare jijiyar gadon baya a hankali, da ita ake zaren ɗinki, fatar da aka samu a lokacin kaka kuma ita ce ta rigar sanyi. Da wuƙarta mai siffar rabin wata, ulu, ta yanyana tsoka fale-fale don shanya. Nipku suke kiransa, kilishi ne tsirara, ba labu ba yaji. Da na zaro ƙullin yajin da na taho da shi, kafin dare an ga bayansa. Ɗanyar hanta dai da aka miƙo mini, na yi godiya na mayar.

Da dare Baba ya yi maganar yunwar shekarun 1950, lokacin da karibu suka ƙi zuwa. A zamanin ne gwamnati ta kwashe mutanen Ahiarmiut, wani ɓangare na Inuwit, daga tafkin Ennadai ta zube su inda ba abinci, wasu suka mutu, kuma sai a 2019 ta zo Arviat ta nemi gafara. Garken Qamanirjuaq da muke bi ya kusa 500,000 a 1994, yanzu bai wuce rabin haka da yawa ba. Sai na fahimci dalilin da ya sa har ɓargon ƙafa ba su bari a ƙasa ba.

Ranar da muka koma gari, sai ka ce rabon naman layya. Ni da yaron muka yi ta zaga gidajen tsofaffi da masu takaba da cinya a kafaɗa, kowa ya ce ma'na, wato na gode. Abin da ya rage a gidan Baba bai kai rabi ba.

Wanda zai je, ya sayi takalminsa da safar hannu biyu tun daga kudu, ya tambayi kamfani a rubuce nawa ne ke shiga hannun iyalin. Bindiga kuma ba za a ba ka ba, sai mai lasisin farauta. Kada ka kai ƙarshen Oktoba, lokacin fararen beyar ke bin gaɓar teku har cikin gari. Kason da aka ba ni yana firiza, an yi mana dambun nama da rabi, sauran na ajiye wa azumi.